Wasan Baba Mutaru Ya Shiga Rahoto

Assalamu alaikum Hajiya Karimatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin kwana goma sha biyu kacal suka rage min. Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na fara rubuta miki. Ukun farko na goge su, saboda a cikinsu duk na fito tas ba ni da laifi, kuma na san ƙarya ce.

Ni 'yar Salaga ce, shekarata ashirin da tara. Kakannina fataken goro ne, mahaifina kuma doya da masara yake lodi zuwa kudu. Na yi digiri na biyu a fannin da ake kira antirofoloji, wato nazarin al'adu da yadda jama'a suke zaman tare. Hanyar aikinmu ita ce mutum ya je ya zauna cikin mutane wata da watanni, ya ci abin da suke ci, ya yi ta saurare, har ya gane abin da suke nufi da abin da suke yi. Mahaifina har gobe in aka tambaye shi me na karanta, cewa yake na karanta zaman kasuwa da jin gulma, kuma jami'a ta ba ni takarda a kai. Da ina dariya. Yanzu maganar ba ta ba ni dariya.

Shekara biyu na yi a gida ba aiki. Sai bara wata ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ba, ta ɗauke ni cikin ayarin da zai binciki zaman lafiya a kasuwannin Salaga, Yendi da Bawku. Shugabanmu, bari in kira shi Dokta Abdul-Wahab, masanin kimiyyar siyasa ne, mutum mai ƙwazo, ba ya cin haƙƙin kowa, amma ba ya son a ja da shi a gaban mutane. Akwai masanan tattalin arziki, akwai mai nazarin halayyar ɗan Adam, akwai 'yan sosiyoloji, wato masu nazarin zamantakewa, da suka tsara takardun tambayoyi. Ni kaɗai ce daga fannina, kuma ni ce ƙarama. A zatona ma ba don karatuna aka ɗauke ni ba, don ina jin Hausa da Gonja da Dagbani ne.

Ban da tambayoyin da aka yi wa mutum ɗari tara, an nemi izinin wasu 'yan kasuwa aka ajiye rikoda a rumfunansu, da alkawarin ba wanda zai gane su. Aikinmu shi ne mu saurara, mu rubuta abin da aka faɗa, mu juya shi zuwa Turanci, sannan mu cika wani gurbi: shin a maganar akwai zagi ko barazana ga wata ƙabila, e ko a'a. Dokar ita ce ba a yin sharhi. Abin da kunne ya ji shi hannu zai rubuta.

Ranar da ake koya mana aikin a Tamale na ɗaga hannu na ce akwai matsala, domin a nan arewacin ƙasarmu muna da abokan wasa. Badagombe da Bamoshe kaka da jika ne, sai sun zagi juna suke gaisawa. Bagonje da mutumin Navrongo haka. Ban ƙarasa ba Dokta ya yi murmushi ya ce ba tatsuniya muka zo tattarawa ba, ƙididdiga muka zo yi, in kowa ya shigo da abin da kakarsa ta gaya masa, ba za a gama aikin ba. Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani, amma har yau ina jin ta a kunnena.

Hajiya, ga laifina. Zuciya ce ta ɗebe ni. Na ce a raina, ba sharhi ne ba sa so ba? To ba za su gan shi ba. Zan bi dokarsu harafi da harafi, in zuba ido in ga inda ƙididdigarsu za ta kai su. Ban sake ɗaga hannu ba. Ban rubuta ko layi ɗaya na bayani a gefen takarda ba, alhali akwai wurin yin haka a ƙasa, ƙarami, ba wanda ya hana ni.

A Yendi gidan wani dattijo Badagombe na sauka, aminin mahaifina, zan kira shi Baba Mutaru. Shi ne shugaban mahauta a wata kasuwa, yana cikin kwamitin sulhu, in an yi rikici a rumfa shi ake kira kafin a kira 'yan sanda. Don ni ya yarda aka ajiye rikoda a teburinsa. Matarsa ta yi sati uku tana ciyar da ni, ko sisi ba ta karɓa ba. Yana da aboki Bamoshe mai kawo tumaki daga bakin iyaka, Sha'aban, shekara talatin suna tare. Lokacin da ƙanen Baba ya rasu, Sha'aban ne ya zauna a ƙofar gida ya ce gawa ba ta fita sai an ba shi goro, har masu kuka suka yi dariya. Wannan duk na san shi tun kafin in kunna rikoda.

Wata safiya Sha'aban ya iso da tumakinsa, Baba yana wasa wuƙa, sai ya ɗaga murya ya ce: "Kai Moshi, ka sake zo kasuwa nan? Yau zan yanka ka kaman tunkiya, in raba ma mutane sadaka." Sha'aban ya ce: "Tsoho, wuƙa ka ko kubewa ba shi yankawa." Duk layin mahauta ya ɗauki dariya, Baba ya yanko hanta ya sa aka gasa masa. Ni kuwa na rubuta maganar Baba kaɗai, na juya ta Turanci tsaf, na cika gurbi da e. Amsar Sha'aban ba ta ambaci ƙabila ba, don haka a bisa doka ba ta shiga. Dariya kuma ba ta da gurbi.

Haka na yi ta cika e a Yendi, haka a Salaga garinmu. Da muka je Bawku, inda rikicin ƙabilanci ya daɗe yana cin rayuka, sati biyu ina saurare ban samu abin cikawa ba. Ina kwana, lafiya lau, nawa ne, ga canji, shi ke nan. Wata mai albasa ta ce min a hankali, da can ba ka sayen gishiri a kasuwar nan sai an zagi kakanka, yanzu kowa ya zama mai ladabi, kuma ladabin ne yake ba ta tsoro. Wannan ma ban rubuta ba, ba shi da gurbi.

Makon jiya aka turo mana daftarin rahoto. A taswirar kalaman ƙiyayya Yendi ja ce, Salaga ruwan lemo, Bawku kore shar. An yi bayani cewa tsauraran matakan tsaro ne suka gyara harsunan mutanen Bawku. Na ɗauka in na ga haka zan ji daɗi, tunda ga inda ƙididdiga ta kai su. Sai na buɗe shafi na uku. Maganar Baba ce a cikin akwati, da manyan haruffa, a ƙasa an rubuta: wani shugaban mahauta, ɗan kwamitin sulhu, Yendi. Ba suna, amma mutum nawa ne haka a garin? Shi kaɗai ne.

A Yendi za a ƙaddamar da rahoton, gaban sarakuna da limamai da jami'an tsaro. Za a karanta muhimman wurare da lasifika, a fassara wa jama'a da Dagbani da Hausa. Wai ni aka zaɓa in yi fassarar.

Tun ranar ba ni da sukuni. In na zauna sai in tashi, in na tashi ban san me na tashi yi ba. Na rubuta wa Dokta saƙo ya fi sau goma ina gogewa. Ranar Juma'a na shiga mota har Yendi da niyyar in gaya wa Baba, na hau babur na zagaya kasuwar sau biyu, na sayi tumatir ɗin da ba na buƙata, na juyo. Abokin aikina Sadick, ɗaya daga masanan tattalin arzikin, ya ce in yi shiru, na bi doka, ba a sa suna ba, kuma in na tona yanzu duk babin kalaman ƙiyayya zai rushe, Dokta zai ji kunya gaban masu ba da kuɗin aikin, shi ne kuma zai rubuta min takardar neman gurbin digiri na uku. Ba ƙarya ya yi ba. Wata uku ya rage a sabunta kwantiragina, kuma na san zaman gida.

Wani abin da yake ƙara dagula ni, wani lokaci sai in ce ko dai su ne da gaskiya? Su mutum ɗari tara suka tambaya, ni teburin nama ɗaya na sani da kyau. Ko abin da na karanta ba ilimi ba ne, sanin gida ne kawai da kowace tsohuwa take da shi? In ilimi ne, me ya sa a teburin taro kullum nawa ne yake zama labari, nasu ya zama hujja?

Jiya Baba Mutaru ya kira ni a waya. An aika masa katin gayyata, a layin gaba zai zauna. Ya ce ya ba da ɗinkin sabuwar batakari, rigar saƙi ta mutanenmu, yana tambayata ko fara ta fi ko mai ratsin baƙi, tunda taron 'yarsa ne. Na ce fara. Hajiya, me zan yi?

Taki,
Mai Cika Gurbi, daga Salaga


Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, ki sani na sauya sana'ar dattijon da wasu bayanai kafin in buga wasiƙarki, domin yadda kika rubuto ta, duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Yendi zai gane shi. Sau biyu ke nan kina kusan tallata bawan Allahn nan. Ba faɗa nake miki ba, so nake ki ga yadda abin yake da sauƙin faruwa, don ki rage jin haushin abokan aikinki.

Laifinki kin faɗe shi da bakinki, ba sai na maimaita ba. An yi miki dariya, kika yi fushi, kika bar kuskure ya girma don ki ci gardama. Duk wanda ya taɓa zama ƙarami a wurin aiki ya san wannan zuciyar. Illarta ita ce ba a kan wanda ya yi dariyar take sauka ba.

Yanzu bari in tsaya wa Dokta kaɗan, tunda ba ya nan. Dokar hana sharhi ba wauta ba ce. Na taɓa yin aikin ƙidayar jama'a ina budurwa, na ga yadda ake yi in aka bar ma'aikata goma sha biyar kowa ya rubuta abin da ransa ya ba shi: ba abin da za a iya haɗawa. Masu sosiyoloji da tattalin arziki da kimiyyar siyasa suna son su san abu nawa ne, a ina ya fi yawa, yana ƙaruwa ko yana raguwa, kuma gwamnati ba ta iya tsara komai ba tare da wannan ba. Ke ba za ki iya gaya min ko abin da kika gani a teburin Baba haka yake a rumfa ɗari ba. Su za su iya. Kuma ki yarda da ni, ba kowane wasa ne wasa ba. Mu nan mun san wasan Fulani da Barebari, mun san na taubasai, mun kuma san mutumin da yake fakewa da wasa ya faɗi abin da yake ransa. Masu fanninki ma suna da nasu ciwon, in suka ƙaunaci mutanen da suka zauna da su sai su ga komai nasu da kyau.

Amma kafin a ƙirga abu sai an san mene ne shi. Nan ne aikinki yake, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Tsohuwa ta san Badagombe yana wasa da Bamoshe, gaskiya ne. Abin da ba ta yi ba shi ne ta zauna a kasuwa uku, ta kwatanta su, ta lura cewa inda aka daina zagin nan ne aka daina yarda da juna. Wannan ke kika gano shi, kuma a ganina ya fi duk abin da yake cikin taswirar nan nauyi. Sai dai hasashe ne har yanzu, daga bakin mai albasa ɗaya. Masu ƙirga ne za su iya gwada shi, masanin tarihi ne zai iya faɗa muku daga ina jikancin ya samo asali da kuma wa yake da izinin wasa da wa. Ba ku da babba da ƙarami a wannan aiki. Tambayoyinku ne daban, mutanen da kuke nazari ɗaya ne. Abin da ya sa naki yake zama labari a teburin taro shi ne kina kawo shi da baki, su suna kawo nasu a rubuce.

Don haka ki kai naki a rubuce. Gobe, ba jibi ba, ki nemi ganin Dokta shi kaɗai a ofishinsa. Kin ce ba ya son a ja da shi a gaban mutane, to kada ki yi masa haka, kuma kada ki aika saƙon waya. Ki tafi da sautin rikodar gaba ɗaya, daga sallamar Sha'aban har zuwa dariyar, ki kunna masa ya ji da kunnensa. Ki fara da naki laifin: kin sani, kin yi shiru, ga dalili. Kada ki tuna masa maganar tatsuniya, ya fi ki tunawa. Ki miƙa masa takarda shafi biyu mai kwanan wata, ki ajiye kwafi, ki nuna a ciki maganganu nawa daga cikin waɗanda kika cika da e suke tsakanin abokan wasa, nawa ne ba haka ba. Wannan harshensa ne, zai ji shi. Ki ba shi shawarar a raba gurbin gida biyu a sake ƙirgawa, ki kuma gaya masa abin da kika ji a Bawku. Mutum mai ƙwazo zai gane cewa gara ya ji wannan daga bakinki a ɗaki da ya ji shi daga bakin wani sarki a gaban lasifika, domin duk wanda zai zauna a taron nan ya san wasan Moshi, kuma taswirar da ta ce Bawku ta fi Yendi kwanciyar hankali ba za ta kai la'asar ba.

Ko za a ɗage taron, ko za a gyara babin, ko za a ƙara bayani a ƙarshe, duk wannan ki bar masa, shi ne shugaba. Abu ɗaya ne ba ki da sassauci a kai: akwatin shafi na uku ya fita. In ya ƙi, ki gaya masa cikin ladabi cewa ba za ki fassara shi ba, a cire sunanki daga rahoton, kuma za ki rubuta wa kwamitin da ya ba da izinin binciken, tunda an yi wa masu rumfuna alkawarin ba za a gane su ba. Sadick yana da gaskiya cewa kina iya rasa takardar, kina iya rasa aikin. Ba zan yi miki alkawarin ba haka za a yi ba.

Bayan kin ga Dokta, duk yadda ta kaya, ki koma Yendi, ki sauka daga babur ɗin wannan karon. Ba sai kin nuna wa Baba daftarin ba, ba naki ba ne. Amma maganarsa tasa ce, yana da haƙƙin ya san inda kika kai ta. Ki zauna a ƙasa ki gaya masa, da matarsa a wurin, ki roƙi gafara. Wataƙila ya yi dariya, wataƙila ransa ya ɓaci, ki ɗauki duk wanda ya zo.

Ke kina da shekara ashirin da tara, da harshe huɗu, da takardu. In wannan ƙofa ta rufe za ki sha wuya, amma za ki ƙwanƙwasa wata. Shi Baba ya haura saba'in, ba ya karanta Turanci, kuma abin da ya tara a duniya shi ne in ya ce wa masu faɗa su bari, suna bari. A duk cikin ayarinku ba wanda ya san haka sai ke, ba kuma wanda zai tsaya masa in kin zauna.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sassauta zuciyar shugabanki, ya rufa wa dattijon nan asiri, ya mayar wa kasuwar Bawku da dariyarta. Ki tashi da wuri gobe.

Hajiya Karimatu